Duba Gaɓɓai da Sikanin Idan Ana Zargin Amosanin Rumatoyid: Yadda Nake Yi

Matar da ta koya mini sassauta hannu ba ta kai shekara 40 ba. Tela ce, ɗinkin mata take yi a gida, kuma abin da ya kawo ta asibiti shi ne almakashi ya fara gagarar ta. Ta ce da asuba sai 'yarta ta riƙa tsiyaya mata ruwan alwala, don yatsun ba sa iya kama buta, ba sa kuma sakewa sai hantsi ya dubi ludayi. Hannu biyu duka. An riga an ɗauki hoton ƙashi, aka ce lafiya lau, sai likitan da ya gan ta ya turo ta ɗakinmu na sikanin. A lokacin yawancin aikina awon masu juna biyu ne da hanta da ƙoda, inda mutum ya saba danna kan na'ura, wato ɓangaren da ake ɗorawa a fata, da ƙarfi don ya ture kitse da iskar hanji. Haka na danna a bayan hannunta. Na ga ɗan kauri a gaɓɓan, na kunna Dofla, wato saitin da ke nuna gudun jini da launi, ban ga ko ɗigon ja ba, na rubuta cewa babu alamar kumburi mai aiki. Ta koma gida da maganin kashe zafi. Bayan wata 10 ta dawo, ƙashin tushen manuniyarta ya riga ya zaizaye, kuma ƙashin da ya zaizaye ba ya komawa yadda yake. Jinin da ke gudana a gaɓar yana nan tun zuwanta na farko. Hannuna ne ya matse shi har ya ɓace daga allo.

Saboda ita nake rubuta wannan ga 'yan'uwa masu riƙe da na'urar sikanin, likitoci da ma'aikatan ɗakin hoto. Na'urar tana nan a asibitoci da yawa, har da ƙananan na kuɗi, amma kusan duk aikinta ya tsaya a ciki da mahaifa. Alhali ita ce hanya mafi sauƙi da araha da muke da ita ta ganin kumburin gaɓa tun kafin ya taɓa ƙashi.

Abin da muke nema

A wajenmu kowane ciwon gaɓa sanyin ƙashi ne ko amosani. Rumatoyid nasa daban ne. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta auka wa siririn tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓa, wanda aikinsa shi ne samar da ruwan da gaɓar ke sulɓi da shi. Tantanin sai ya yi kauri, sababbin ƙananan jijiyoyin jini su tsiro a cikinsa, ya tara ruwa, daga baya ya fara cin guringuntsi da gefen ƙashi. Ya fi kama ƙananan gaɓɓai, dama da hagu tare: wuyan hannu, tushen yatsu, gaɓar tsakiyar yatsu, da tushen yatsun ƙafa. Gaɓar da ke kusa da farce ba kasafai yake taɓa ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke fama da shi a 2019, wajen kashi 70 cikin 100 mata.

Hoton ƙashi, ƙashi yake nunawa. Kafin ya nuna wani abu, cutar ta riga ta yi ɓarna. Sikanin kuwa yana nuna tantanin kansa, da ruwan, da jinin da ke gudana a ciki, kuma ko a zaizayar ƙashi ya fi saurin gani. Wani bincike da aka yi a Leeds ta Ingila aka wallafa a 2000 ya nuna cewa a farkon cutar sikanin ya gano zaizaya fiye da ninki 6 na abin da hoton ƙashi ya gano a tushen yatsu. Watannin farko, 3 zuwa 6, su ne lokacin da magani ya fi tasiri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin ka ɗauki kan na'ura

Minti biyu na hira suna canza yadda za ka karanta hoton. Ina tambayar yaushe abin ya fara, don ciwon da ya wuce sati 6 ba ɗaya yake da na kwana 10 ba. Ina tambayar tsawon lokacin da yatsu ke sanƙarewa da safe. Idan ta ce da ta ɗan motsa suke sakewa, na fi karkata ga ciwon gaɓa na girma da aiki. Idan ta ce sai an yi awa ɗaya ko fiye, kunnena ya miƙe. Ina tambayar matse wanki, tuƙin tuwo, buɗe murfin gora, da zaman tahiya, don wanda tushen yatsun ƙafarsa ya kumbura ba ya iya kafa su.

Tambayar da ba na tsallakewa ita ce ta magani. “Hajiya, me kike sha yanzu? Har da na kemis, har da allura.” Da yawa suna shan firednisolon ko deksametazon ba su san sunansa ba, yana cikin ƙwayoyin haɗi da ake ƙulla musu a leda, wasu kuma suna shan shi don ƙiba. Waɗannan magunguna suna kwantar da jinin da Dofla ke nema. Dikilofenak da ire-irensa ma suna iya rage shi. Ba na cewa kowa ya daina magani don kawai zan yi sikanin, musamman sitiroyid, irin su firednisolon da deksametazon ɗin nan, da tsayar da shi farat ɗaya haɗari ne. Ina dai rubutawa a rahoto, don wanda zai karanta ya san cewa shirun Dofla a nan ba shaidar lafiya ba ne.

Sai sanyi. Hannu mai sanyi jijiyoyinsa a tsuke suke. Ranar hunturu da sassafe, ko a ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke busawa kai tsaye kan teburi, za ka iya rasa kumburin da yake nan. Nakan taɓa bayan hannun da nawa. Idan na ji shi da sanyi, sai in ce ta zauna minti 10 ko 15, ta sa hannun cikin mayafi, in ga wani kafin ita.

Saita na'urar

Lanƙwasasshen kan da muke awon ciki da shi, mai 3.5 zuwa 5 MHz (ma'aunin saurin kaɗawar sautin da yake fitarwa), ajiye shi. Ba zai nuna maka komai a yatsa ba. Miƙaƙƙen kai ake so, wanda ake duba maƙoshi da nono da shi. Mai 12 zuwa 18 MHz shi ne daidai ga yatsu. Idan naka bai wuce 10 ko 12 ba, zai yi maka wuyan hannu da gwiwa sosai, zai kuma taimaka a tushen yatsu, sai dai ka yi taka-tsantsan wajen ambaton ƙananan zaizaya. Akwai ɗan siririn kai mai lanƙwasasshen mariƙi da aka ƙera don ƙananan wurare. Wanda ya samu ya huta, don yana shiga gefen yatsu inda babban ba ya zama.

Rage zurfi zuwa santimita 1.5 ko 2 idan yatsa kake dubawa, gaɓar ta cika allo. Kawo alamar maida hankali daidai layin gaɓar. Mutane da yawa suna barin zurfin santimita 4 ko 5, gaɓar ta koma 'yar mitsitsiya a saman allo, rabin hoton kuma baƙin inuwar ƙashi.

Dofla ita ce ake yawan kuskurewa. Wadda ake so ita ce mai auna ƙarfin gudun jini ba tare da kula da inda ya nufa ba, na'urori da yawa suna rubuta mata PD. Jinin tantanin gaɓa a hankali yake tafiya ƙwarai, saitin jijiyar wuya ko na cibiyar jariri ba zai kama shi ba. Sauke PRF, wato yawan bugun sautin da na'urar ke aikawa a daƙiƙa ɗaya, zuwa wajen 500 zuwa 750 Hz, kada dai ya wuce 1,000. Sauke matatar da ke zubar da motsi mai tafiya a hankali zuwa mafi ƙanƙanta. Sannan ka ɗaga ƙarfin launi har sai ja ya fara watsuwa barkatai, har ƙarƙashin layin ƙashi inda ka san babu jini, sai ka riƙa saukewa a hankali har ya ɓace. Nan za ka tsaya. Akwatin launin kuma ka ja shi har saman allo ya haɗa da fata, domin jijiyar da ke ƙarƙashin fata takan jefa inuwar launinta ƙasa cikin gaɓa, idan ba ka ga uwar ba sai ka ɗauki inuwar a matsayin kumburi.

Gwajin da nake yi duk lokacin da na zauna gaban na'urar da ban saba da ita ba: in zuba jel a tsokar kan yatsana, in ɗora kai a hankali. Idan tsokar ta cika da launi, na'urar za ta iya aikin. Idan ɗigo ɗaya ko biyu kawai na gani, na san Doflarta ba abin dogara ba ce, kuma zan faɗi haka a rahoto.

Hannunka

Nan ne zan daɗe, don nan na yi kuskure. Zuba jel da yawa, fiye da yadda ka saba, har ya yi tudu a kan gaɓar. Ɗora kan na'ura a kan tudun yadda idan ka kalli allo za ka ga baƙin layin jel tsakanin kai da fata daga wannan gefe zuwa wancan. Muddin wannan layi yana nan, ba ka danna ba. Da ya ɓace, ka fara matse jijiyoyi. Riƙe kan kamar alƙalami, kusa da bakinsa, ka kafa ƙaramin yatsanka a kan hannun maras lafiya ko a kan teburi, shi zai ɗauki nauyin. Hannun da ke lilo a iska ko dai ya danna ko ya yi rawa, rawar kuma tana haifar da walƙiyar launi ta ƙarya.

Na san jel kuɗi ne, kuma akwai wuraren da ake ƙirga shi. Amma a wannan aiki jel ɗin wani ɓangare ne na na'urar.

Maras lafiya ta zauna tana fuskantarka, ƙaramin teburi a tsakani, tafin hannu a ƙasa kan tawul da aka ninke. “Inna, saki hannun gaba ɗaya, kamar kina barci.” Idan ta miƙe yatsun da ƙarfi ko ta dunƙule su, jakar gaɓar za ta ɗaure, jinin ya ragu. A sake ake so. A cire zobe da awarwaro da agogo. Lalle ba ya hana komai. Tabon tsaga ko na ƙaho a kan gaɓa yakan jefa 'yar inuwa, ƙarin jel yana magance ta, kuma shi kansa tabon yana gaya maka inda ciwon ya fi damun ta.

Daga wuyan hannu zuwa ƙafa

Ina farawa da bayan wuyan hannu. Ɗora kai a tsaye, a layi ɗaya da yatsan tsakiya. Za ka ga fararen layuka uku a jere kamar duwatsun tsallaka rafi: ƙarshen radiyos, ƙashin dantse na ɓangaren babban yatsa, sai ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu biyu, lunet da kafitet. A tsakaninsu akwai ƙananan lunguna biyu, nan tantani ke taruwa. Daga nan ka zame zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa, kan ƙashin alna. Agarar da ke bi ta gefen wannan ƙashi, ta ɗaki na 6 cikin ɗakuna 6 na agarun bayan hannu, rumatoyid yana son kubenta ƙwarai, sau da yawa tun kafin gaɓɓai su nuna, kuma tsinin alna da ke ƙarƙashinta yana cikin wuraren da ke fara zaizayewa. Juya kai a gicciye ka ga agarar kamar farin ƙwayar ido. Idan baƙin zobe mai kauri ya kewaye ta, launi kuma ya shiga zoben, kube ya kumbura. Sannan a juya tafin hannu sama, ka duba agarun lanƙwasa yatsu da jijiyar ji da ke kwance a kansu. Idan ta ce manuniya da babban yatsa suna mata mirmir da dare, kumburin kube ne ke iya matse wannan jijiya.

Sai tushen yatsu, waɗanda muke rubuta wa MCP. A gaɓa mai lafiya za ka ga zagayayyen kan ƙashi fari fat, siririn baƙin layin guringuntsi a kansa, ɗan kitse mai ruwan toka mai kusurwa uku a tsakanin ƙasusuwan biyu, da agara a sama mai zare-zare kamar igiya. Ka saba da wannan hoto a hannunka da na abokan aikinka kafin ka fara neman cuta. Kada ka tsaya a tsakiya kawai, share daga gefe zuwa gefe, a tsaye da a gicciye. Wurare biyu ba na barin su: gefen tushen manuniya da ke kallon babban yatsa, da gefen waje na tushen ƙaramin yatsa. Nan kan na'ura ke samun zagaye ƙashi, nan kuma zaizaya ta fi bayyana. A gaɓar tsakiyar yatsu ina dubawa ta baya da ta ciki, don ruwa da kauri sukan fi taruwa ta ɓangaren tafi.

Ƙafa kuwa ana yawan mantawa da ita, har ma'aunin nan na gaɓɓai 28 da likitoci ke ƙirgawa da shi bai sa ƙafa ba. Ta kwanta ko ta zauna kan gado, gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a shimfiɗe. Duba tushen yatsu na 2 zuwa na 5, sannan ka zagaya gefen waje na kan ƙashi na 5. Na sha samun zaizaya ta farko a nan ga wadda ba ta taɓa ambaton ƙafarta ba. Tushen babban yatsan ƙafa ba na gina hukunci a kansa, ko mai lafiya yakan tara ɗan ruwa a wurin.

Idan layi ya yi tsawo a waje, akwai gajeriyar hanya da Marina Backhaus da abokan aikinta na Berlin suka fitar a 2009, ta gaɓɓai 7 a ɓangaren da ya fi ciwo: wuyan hannu, tushen manuniya da na yatsan tsakiya, gaɓar tsakiya ta waɗannan yatsu biyu, da tushen yatsun ƙafa na 2 da na 5. Ga wadda aka riga aka san cutarta, wannan ya wadatar. Ga sabuwar zuwa ni dai hannu biyu nake dubawa, don kasancewar abin dama da hagu shi kansa hujja ne. Gwiwa da kafaɗa sai idan suna ciwo. A gwiwa, lanƙwasa ta kamar digiri 30 ka duba jakar da ke saman ƙoƙon, sannan ka leƙa baya ko ruwa ya yi ƙunshi a can.

Karanta abin da ka gani

Ƙungiyar masana ciwon gaɓɓai ta OMERACT ta tsayar da ma'anoni a 2005, ga abin da suka ƙunsa. Ruwa baƙi ne, idan ka danna ya gudu, kuma launi ba ya shiga cikinsa. Tantani mai kauri duhu-duhu ne, idan ka danna ba ya gudu, da ƙyar yake lotsawa, launi yana iya shigarsa. Nan ne kaɗai ake so ka danna, da gangan, na ɗan lokaci, bayan ka gama da Dofla. Zaizaya kuwa yankewar farin layin ƙashi ce a cikin gaɓa, wadda ka gani a tsaye ka kuma gani a gicciye. Wadda ta bayyana ta fuska ɗaya kawai, kada ka rubuta ta.

Wajen ba da mataki, tsarin haɗin gwiwa na OMERACT da EULAR, ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, na 2017 nake amfani da shi. Ka ja layi a zuciyarka daga saman wannan ƙashi zuwa saman wancan. Kaurin da bai haura layin ba mataki na 1 ne. Wanda ya haura amma samansa a baje yake ko ya lotsa, na 2. Wanda ya haura ya yi tozo, na 3. A Dofla, ɗigo har 3 mataki na 1 ne, abin da ya fi haka amma bai kai rabin tantanin ba na 2, wanda ya wuce rabi na 3, a nan gaɓar takan yi kamar an zuba garwashi. A ganina mataki na 1 na kauri, shi kaɗai babu launi, ba abin tayar da hankalin kowa ba ne. Ana samunsa a masu lafiya, musamman a ƙafa da hannun masu aikin ƙarfi. Abin da ke tsayar da ni shi ne kauri na 2 ko na 3, ko launi a cikin tantani, a gaɓɓai fiye da ɗaya.

Tarkuna uku ne suka fi kama sabon hannu. Na farko, agara tana yin fari ne kawai idan sauti ya sauka a kanta a miƙe, da kai ya ɗan karkata sai ta koma baƙa kamar ruwa ko yagewa. Ka girgiza kan gaba da baya, idan baƙin ya koma fari, ba cuta ba ce. Maɗaurin da ya rufe agarun bayan wuyan hannu ma yakan yi duhu haka, a ɗauke shi kumburin kube. Na biyu, a bayan kan ƙashin tushen yatsa akwai ɗan lotsi na halitta, mai santsin gefe, layin ƙashi bai yanke a cikinsa ba, kuma za ka same shi a ɗaya hannun a daidai wurin. Duk abin da bai kai milimita 2 ba, ka yi masa uzuri kafin ka kira shi zaizaya. Na uku, jijiyar da ke ciyar da ƙashi: ɗigon launi ɗaya a daidai inda take shiga, babu kaurin tantani kewaye da shi.

Abin da allo ba zai gaya maka ba

Sikanin yana cewa akwai kumburi. Ba ya cewa ga wanda ya kawo shi. Dattijon da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura cikin dare ɗaya, ka ga farin layi na biyu kwance a saman guringuntsi, gawut, ciwon da taruwar gishirin yurik a gaɓa ke kawowa, shi ne ya fi kusa. Tsiron ƙashi a gaɓar kusa da farce da gindin babban yatsan hannu na tsufa ne. Budurwa mai ciwon gaɓɓai da zubewar gashi da ƙuraje a fuska, tantani ya kumbura amma ƙashi bai zaizaye ba, a binciki lufus, wata cutar garkuwar jiki ce ita ma. Wanda ya yi zazzaɓi mai zafi kafin gaɓɓai su kama, a tuna da cikungunya, cutar da sauro ke yaɗawa, wadda ta ɓarke a Kasala ta Sudan a 2018 da Abeshe ta Chadi a 2020, tana kuma iya barin ciwon gaɓɓai na watanni mai kama da rumatoyid. Gaɓa ɗaya tak da ta daɗe tana kumbura a hankali, tarin fuka na gaɓa yana nan a ƙasashenmu. Mai sikila kuma nasa lissafin daban.

Wanda ba ya jira shi ne gaɓa ɗaya mai zafi da ruwa, ga zazzaɓi. A allo ba za ka iya bambance ruwan kumburi da mugunya ba. Wannan sai an zuƙo da allura an kai ɗakin gwaji, a ranar, kuma sikanin zai nuna wa mai allurar inda zai bi. Kada ka bar shi ya tafi gida da rahoto a hannu.

Hukuncin rumatoyid na likitan da ke kula da ita ne, yana haɗa abin da ya taɓa da hannunsa, da gwajin jini, da tsawon ciwon. Ma'aunin da ƙungiyoyin likitocin gaɓɓai na Amurka da Turai suka fitar a 2010 maki 10 ne, ana neman 6: har 5 daga yawan gaɓɓai da irinsu, har 3 daga RF da anti-CCP, gwajin jinin da ke neman alamar rumatoyid, 1 daga ESR ko CRP, gwajin jinin da ke nuna kumburi a jiki, 1 daga wuce sati 6. Ka ga rabin makin daga gaɓɓai yake, nan aikinmu ke shiga, don mukan tabbatar da gaɓɓan da hannu ya yi shakka a kansu. Wannan ya fi amfani ga waɗanda gwajin jininsu bai nuna komai ba, kuma ba su da kaɗan, tsakanin ɗaya cikin 5 ne da ɗaya cikin 3 na masu cutar. Su ne ake ta sallama da cewa ba su da komai. A ɗaya ɓangaren, RF yakan fito ga mai ciwon hanta ko tarin fuka ko tsoho mai lafiya, ESR kuma yakan hau saboda ƙarancin jini kawai.

Kada kuma son na'urar ya kai mu ga wuce gona da iri. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2016, ARCTIC a Norwe da TaSER a Sikotlan, sun kwatanta ƙara magani bisa sikanin da ƙara shi bisa dubawar likita a kai a kai. Sikanin bai kawo ƙarin sauƙi na a-zo-a-gani ba, sai ƙarin magani. Don haka ba na goyon bayan a riƙa turo wadda ke samun sauƙi duk wata tana biyan kuɗin hoto. Inda nake ganin amfaninsa shi ne farkon ciwo da ake shakka, da lokacin da tana kukan ciwo amma likita bai ji kumburi ba, da kafin a rage magani ga wadda ake ganin ta lafa, domin launin da ya rage a gaɓar da ta yi shiru yana nuna cutar na iya tashi.

Rahoto, da abin da za ka gaya mata

Kada ka rubuta “akwai alamun amosani” ka sa hannu. Ambaci kowace gaɓa, dama ko hagu, matakin kauri, matakin Dofla, ruwa, kuben agara, zaizaya da girmanta da inda take. Rubuta ƙarfin kan da ka yi amfani da shi da PRF, da maganin da take sha. Idan ka ga kumburi mai launi a ƙananan gaɓɓai dama da hagu, faɗi ƙarara cewa hoton ya dace da ciwon gaɓɓai mai kumburi, kana ba da shawarar ganin likitan gaɓɓai cikin gaggawa. Likitocin nan kaɗan ne a wajenmu, galibi a asibitocin koyarwa, layinsu kuma dogo, rahoto mai ƙarfi yana iya matso da ita gaba. Inda babu, likitan cututtukan cikin jiki na manya zai iya farawa.

Kafin ta tashi nakan juyo mata da allon. Gani ya kori ji. “Hajiya, kin ga wannan farin layi, ƙashinki ne, har yanzu lafiyarsa lau. Wannan jan kuma shi ne ciwon. Maganin da za a ba ki shi zai kashe, kafin ya taɓa farin.” Matar da aka shekara ana ce mata sanyi ne ko aljanu, ko ana ganin raki take yi, idan ta ga abin da idonta takan yi shiru na ɗan lokaci, wasu har hawaye. Na lura waɗanda suka gani sun fi riƙe magani. Nakan ƙara mata abu biyu, ko da yake likitanta zai maimaita: idan an ba ta metotireksat, maganin da ake danne cutar da shi, sau ɗaya ake sha a sati, shan shi kullum yana iya kisa, kuma ba a ɗaukar ciki a kansa, don haka ta gaya wa likita gaskiya idan tana neman haihuwa, akwai wasu magungunan. Sauƙin ma ba ya zuwa sai bayan sati 6 zuwa 12, kada ta yar da shi a sati na 3 ta koma wa ƙwayoyin leda.

Ajiye hotunan da sunan kowace gaɓa, a na'ura ko a buga. Idan za ta dawo bayan wata 3 ko 6, a yi da na'ura ɗaya da saiti ɗaya, in ba haka ba ba za ka san ko ita ce ta canza ko na'urar ba. Nakan rubuta mata a bayan kati ta zo da kwalayen duk abin da take sha, har da na kemis da na gargajiya, idan kuma lokacin hunturu ne ta bari sai rana ta ɗaga, hannun a cikin mayafi.